Adanannen ganyen turare a adon busassun furanni

Adanannen ganyen turare reshe ne na bishiyar turare, wadda masana tsirrai ke kira Eucalyptus, da aka yanko aka shayar da shi ruwan gilisarin har gilisarin ɗin ya maye gurbin mafi yawan ruwan da ke cikin ganyayyakinsa. Reshen da aka yi wa haka ba ya raye kuma ba ya buƙatar ruwa, amma bai ƙeƙashe ba kamar ganyen da ya bushe da kansa. Yana lanƙwasuwa, yana da laushi a hannu, kuma yakan kai shekara ɗaya zuwa 'yan shekaru a cikin ɗaki bai lalace ba. Masu sana'ar haɗa furanni suna amfani da shi wajen cike tsakanin busassun furanni, a damin da ake riƙewa a hannu, a tulun ado, da kuma a zoben ganye mai kama da babban gammo da ake ratayewa a ƙofa ko a bango.

Buƙatarsa ta taso ne daga wani giɓi da busassun furanni ke da shi. Furanni da yawa suna riƙe siffa da launi bayan sun bushe, amma ganyensu ba ya riƙewa: yana nannaɗewa, ya yi baƙi, ya karkaɗe. Saboda haka akan zage ganyen tun kafin a shanya furen, sai ya rage kara tsirara da kai a samansa. Idan aka tara irin waɗannan kararen a tulu ba tare da wani ganye ba, abin yakan fito kamar tsintsiya. Ganyen turare na cikin ganyayyaki kaɗan da ke toshe wannan giɓi ba tare da sun karye a hannun mai aiki ba.

Suna

Sunan Eucalyptus ya fito ne daga kalmomin Girkanci biyu: eu, mai ma'anar "da kyau" ko "sosai", da kalyptos, mai ma'anar "rufaffe". Abin da ke rufe shi ne furen bishiyar, domin kafin ya buɗe akwai wani ɗan murfi mai kama da hula a kansa, wanda ke faɗuwa idan lokacin buɗewa ya yi. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Faransa, Charles Louis L'Héritier de Brutelle, shi ne ya raɗa sunan a ƙarshen shekarun 1780, bisa wani samfuri da David Nelson ya tsinko a tsibirin Bruny na Tasmaniya a shekarar 1777, a tafiya ta uku ta Kyaftin James Cook.

A Hausa ana kiran bishiyar da sunaye biyu, turare da zaiti. Na farko saboda ƙamshin da ke tashi ne idan aka murje ganyen, na biyu kuwa aro ne daga kalmar Larabci ta mai, kuma bai kamata a rikita shi da zaitun ba, wanda wata bishiya ce dabam. Duka sunayen biyu suna nufin bishiyar gaba ɗaya, ba su bambanta nau'i da nau'i ba. A wannan maƙala, "busasshen ganye" na nufin wanda iska ta busar, "adanannen ganye" kuwa wanda ya sha gilisarin. 'Yan kasuwa sukan haɗa su a rumfa ɗaya, wani lokaci ma da suna ɗaya, amma kayayyaki ne guda biyu masu hali dabam-dabam.

Bishiyar da ganyenta iri biyu

Akwai nau'in bishiyar turare sama da 700, kuma kusan dukkansu 'yan asalin Ostareliya ne, sai 'yan kaɗan da ke fitowa a Niyu Gini, Indunusiya da Filifin. Wani abu game da su shi ne tushen wannan sana'a baki ɗaya: nau'o'i da yawa suna fitar da ganye iri biyu a tsawon rayuwarsu. Lokacin da bishiyar take ƙarama, ganyenta yakan zama kewayayye ko mai siffar zuciya, yana fitowa bibbiyu suna fuskantar juna, sau da yawa manne da reshe, kuma a lulluɓe da wani siririn kaki mai ba shi launin toka-toka da shuɗi-shuɗi. Idan ta girma sai ta sauya zuwa dogon siririn ganye mai kama da lauje, kore, mai reto ƙasa, wanda ke fitowa ɗaiɗai.

Ganyen ƙuruciyar shi ne wanda masu ado suka fi so. Domin samunsa kowace shekara, manoma ba sa barin bishiyar ta girma. Sukan datse ta kusa da ƙasa ko a tsayin ƙugu, sai kututturen ya yi sabon toho, kuma tohon yakan dawo da ganyen ƙuruciya. Bishiyar na jure wannan saran ne saboda yawancin nau'o'inta suna da wani ƙullutu a gindi mai ɗauke da ajiyar abinci da idanun toho, wanda a dajin Ostareliya shi ke ba su damar farfaɗowa bayan gobara. Gonar turaren ado ba ta kama da daji ko kaɗan. Jerin gajerun kututtura ne masu tsirar da dogayen tsumagu.

Nau'o'in da ake amfani da su

Eucalyptus cinerea, ɗan asalin jihohin New South Wales da Victoria, yana da kewayayyen ganye mai launin azurfa. A kasuwar Turai da Amurka ana yi masa laƙabi da dalar azurfa, saboda ganyen ya yi kama da tsohuwar sulallar dalar Amurka mai faɗin kusan santimita 4. Ana kiran Eucalyptus polyanthemos da wannan laƙabi shi ma, abin da ke jawo ruɗani wajen saye, amma ana iya bambanta su da ido: ganyen cinerea a manne yake da reshe, na polyanthemos kuwa yana da ɗan siririn kara da ke sa shi rawa idan iska ta taɓa shi. Na biyun ya fi kyau a adon da ake so ya zubo ƙasa.

Eucalyptus pulverulenta yana riƙe ganyen ƙuruciyarsa har tsufa. Wani irinsa da aka zaɓo mai suna Baby Blue yana daga cikin waɗanda aka fi adanawa, domin ƙananan ganyayyakinsa a jere suke rututu a kan miƙaƙƙen kara, kamar an shirya tsabar kuɗi a tsinke, ga kauri ga ƙamshi mai ƙarfi. Eucalyptus gunnii na Tasmaniya, wanda Joseph Dalton Hooker ya bayyana a 1844, yana jure sanyi, shi ya sa ake noma shi a arewacin Turai. Eucalyptus parvula, wanda 'yan kasuwa har yanzu ke kira da tsohon sunansa parvifolia, yana da ƙananan ganye masu tsini da rassa da yawa, kuma ya dace da ƙananan kayan ado. Eucalyptus nicholii na da siririn dogon ganye mai lilo. Akwai kuma Eucalyptus perriniana, wanda ganyayyakinsa biyu ke haɗewa su zama faifai guda da kara ya ratsa ta tsakiya. Idan faifan ya bushe ya saki, yakan riƙa juyawa a kan karan.

Ban da ganye, ana sayar da rassa masu ɗauke da curin furannin da ba su buɗe ba, da kuma busassun kwanson 'ya'yan bishiyar, musamman manyan na Eucalyptus globulus masu kama da maɓallin riga. Kwanson ba ya buƙatar gilisarin, domin da ma itace ne.

Noma da fatauci

Ko da yake bishiyar 'yar Ostareliya ce, mafi yawan ganyen adon da ke yawo a kasuwannin duniya ba daga can yake fitowa ba. Yankin Liguriya na arewa maso yammacin Italiya, kewayen Sanremo da Imperia, ya daɗe da shahara wajen noman ganyen ado, haka ma tsaunukan Tanneron na kudancin Faransa. Ana noma shi a kudancin Kalifoniya, da gundumar Kerry ta ƙasar Ailan, da lardin Yunnan na ƙasar Sin, inda kasuwar furanni ta Dounan da ke Kunming take. Wani kaso mai yawa na abin da ake sayarwa a Turai yana bi ta kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer a Holan. Adanannen ganye yana da wata fa'ida ga fatake: ɗanyen ganye sai da sanyaya da gaggawa, shi kuwa wannan ana iya zuba shi a kwali a ajiye watanni.

Bambancin busarwa da adanawa

Hanya mafi sauƙi ita ce busarwa. Ana ɗaure rassan a ƙananan damma, a rataye su kai a ƙasa a wuri mai duhu da iska, na mako biyu zuwa uku. Ganyen turare na cikin waɗanda ke bushewa da kyau, saboda kaurinsa da kakin da ke jikinsa. Yakan riƙe launin tokarsa, sai dai gefensa ya ɗan nannaɗe. Illarsa ita ce ƙeƙashewa. Da zarar an lanƙwasa karan sai ya ɓalle, ganyen kuma ya dinga zuba duk lokacin da aka matsar da tulun.

Dalilin ƙeƙashewar yana cikin ginin ganyen. Bangon ƙwayoyin ganye an yi shi ne da zaruruwan selulos, kuma ruwan da ke tsakaninsu shi ke ba su damar gogar juna ba tare da sun tsinke ba. Idan ruwan ya tafi, zaruruwan sukan manne su sandare. Abin da ake nema ke nan shi ne wani ruwa da zai zauna a wannan gurbi amma ba zai bi iska ba, kuma gilisarin ya cika sharaɗin. Ruwa ne mai kauri, marar launi, mai ɗan zaƙi, wanda masanin kimiyya ɗan Suwidin Carl Wilhelm Scheele ya gano a ƙarshen ƙarni na 18, daga baya Michel Eugène Chevreul ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci ta zaƙi. Ana samunsa ne a matsayin abin da ya rage wajen yin sabulu da man dizal na tsirrai. Ba ya tafasa sai zafi ya kai kimanin digiri 290 a ma'aunin Salshiyas, don haka a cikin ɗaki kusan ba ya tashi sam. Yana narkewa a ruwa, yana kuma jawo danshi daga iska ya riƙe. Wannan hali na jawo danshi shi ke sa ganyen laushi, kuma shi ne tushen kusan duk matsalolin da ake fuskanta da adanannen ganye daga baya.

Yadda ake shayar da reshen

Ba tura gilisarin ake yi cikin reshen ba, reshen ne ke shan sa da kansa. Reshen da aka yanko yana ci gaba da fitar da ruwa ta ƙananan kafofin da ke jikin ganye, kuma wannan fitar ita ke janyo wani ruwan daga ƙasa ta cikin jijiyoyin kara. Idan abin da ke ƙasan haɗin ruwa da gilisarin ne, sai duka biyun su hau. Ruwan ya fita ta ganye, gilisarin ya zauna. Daga nan ake fahimtar ƙa'ida ta farko: dole reshen ya kasance ɗanye shar. Wanda ya riga ya yi yaushi ko ya bushe ba zai sha ba, domin iska ta shiga jijiyoyinsa ta toshe su. Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne sayo busasshen ganye su tsoma a gilisarin da fatan zai yi laushi. A shekarar 2000, S. J. Campbell da H. J. Ogle da D. C. Joyce sun wallafa wani nazari a Ostareliya a kan adana ganyen ƙuruciya na Eucalyptus cinerea ta wannan hanya ta shayarwa.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi shekarun ganyen. Ana yankan reshen ne bayan tohon ya ƙosa ya yi tauri. Sabon toho mai laushi a ƙarshen reshe yakan langaɓe kafin gilisarin ya kai gare shi, don haka ko dai a jira ya ƙosa ko a datse shi.

Haɗin da aka fi sani a gida shi ne kashi 1 na gilisarin da kashi 2 na ruwan zafi. Zafin yana taimakawa su gauraya, sannan a bar haɗin ya huce zuwa ɗumi. Masana'antu sukan yi amfani da haɗin da ya fi wannan ruwa-ruwa, tare da rini da maganin ƙwayoyin cuta. Ana zage ganyen ƙasan reshen, a sake yanke gindinsa a karkace da wuƙa mai kaifi, a tsaya da shi nan take a cikin haɗin da zurfinsa ya kai santimita 7 zuwa 10. Tsofaffin littattafan aikin gida suna ba da shawarar a daddake gindin karan da guduma. Masu sana'a da yawa a yau sun bar wannan, domin dakan yana murƙushe jijiyoyin da ake so su sha, yana kuma sa ruwan saurin ruɓa. Gajerun rassa sun fi dogaye samun nasara, tun da tafiyar da gilisarin zai yi ba ta da nisa.

Ana ajiye mazubin a wuri mai iska, nesa da hasken rana, ana ƙara haɗin idan ya ragu. Aikin yakan ɗauki daga 'yan kwanaki zuwa mako biyu ko uku, gwargwadon kaurin ganye da zafin wuri da bushewar iska. Alamar ci gaba ita ce sauyin launi da ke farawa daga jijiyar tsakiyar ganye ya bazu zuwa gefe, daga ganyen ƙasa zuwa na sama. Idan na can ƙoli ma ya yi laushi kamar fatar da aka jeme, aiki ya kammala. Idan kuwa aka ga ɗigo-ɗigo mai maiƙo a saman ganye, reshen ya sha fiye da kima, sai a cire shi a goge. Bayan cirewa akan rataye rassan kai a ƙasa na 'yan kwanaki domin sauran ruwan ya fita. Haɗin da ya rage ana iya tace shi a sake amfani da shi.

Akwai hanya ta biyu, wato nutsar da ganyen gaba ɗaya a cikin haɗin. Tana aiki ga ganyayyaki ɗaiɗai na wasu tsirrai, amma ga turare ba ta kai ta farko ba, saboda kakin jikin ganyen yana hana shiga, kuma nutsarwar tana ɓata farin ƙurar nan da ke ba shi kyau.

Launi

Gilisarin yana adana laushi, ba ya adana kore. Sinadarin kulorofil yana ci gaba da rushewa bayan an yanke reshe, don haka ganyen da ya sha gilisarin zalla yakan koma ruwan toka mai duhu, ko ruwan ƙasa, ko ruwan makuba, wani lokaci da ɗan shunayya. Ke nan korayen adanannun ganyen da ake gani a shaguna, kusan duk rinannu ne: an zuba rini mai narkewa a cikin haɗin, ya hau tare da gilisarin. Ta haka ake samun ja da shuɗi da ruwan goro. Farare da masu ruwan hoda kuwa sai an fara kore launinsu na asali da sinadarin bilic, abin da ke raunana ganyen ya kuma kashe ƙamshinsa.

Ana iya gane rinanne ta duban gindin kara, inda rinin ke taruwa ya yi duhu, ko ta goga ganyen da farin tsumma mai ɗan danshi. Launin da ba a rina ba, duk da cewa bai kai ɗaukar ido ba, ya fi zama lafiya da busassun furanni, waɗanda su ma launinsu a dushe yake. Kore mai ƙyalli a tsakiyar furannin da suka kwanta yakan tona kansa.

Amfani a cikin ado

Al'adar ado da furannin da ba sa yaushi ta bunƙasa a Turai a ƙarni na 19, amma an daɗe ana kallon ganye a matsayin ɗan rakiya kawai. Daga cikin waɗanda suka sauya wannan kallo akwai Constance Spry ta Ingila, wadda ta rayu daga 1886 zuwa 1960, ta kuma yi suna da saka ganyaye da rassan jeji, har da ganyen kayan lambu, a adon manyan wurare.

A aikace, ganyen ne ake fara sakawa. Mai haɗawa yakan kafa dogayen rassa su fitar da tsawo da faɗin adon, kuma ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai ita ce tsawon abin da ke sama ya kai kamar ninki ɗaya da rabi na tsawon tulun. Miƙaƙƙun rassa irin na Baby Blue su ke ba da tsayi, masu faɗin ganye irin na cinerea su cike tsakiya su rufe bakin tulu, masu lilo irin na nicholii su zubo ta gefe. Bayan haka ne ake soka manyan furanni, sannan ƙanana. Rassan da suka sassarƙe a cikin tulun su ne ke tallafe kararen furannin, don haka sau da yawa ba a buƙatar soson da ake soka fure a ciki. Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba: laushin ganyen yana zama matashi tsakanin busassun kawunan furanni, ya rage gogayyar da ke karya su.

Furannin da aka saba haɗawa da shi sun haɗa da Xerochrysum bracteatum mai ganyen fure kamar takarda, da Craspedia mai kai kamar rawayar ƙwallo, da Banksia, dukkansu 'yan gida ɗaya da turare a Ostareliya. Sai Protea ta Afirka ta Kudu, da Limonium, da Gypsophila, da labanda, da Gomphrena globosa. Daga ciyayi akwai doguwar ciyawar famfas ta Kudancin Amurka da Lagurus ovatus mai kai kamar wutsiyar zomo. Zangarniyar alkama da buɗaɗɗen kwanson auduga ma suna shiga. Launin toka na ganyen ba ya gasa da kowane launi, shi ya sa yake karɓar su duka.

Inda adanannen ganye ya yi wa busasshe fintinkau shi ne zoben ƙofa da doguwar igiyar ganye da ake shimfiɗawa a teburin biki. A nan dole a lanƙwasa kowane reshe ya bi da'ira. Ana yanka rassan guntu-guntu, a haɗa su uku ko huɗu, a ɗaure a jikin zoben da siririyar waya, kowane ƙunshi yana rufe gindin wanda ya gabace shi. Waya ta fi gam riƙo, saboda maiƙon ganyen yana hana gam kamawa sosai. Wanda ba shi da adanannen ganye yana iya ɗaura zoben da ɗanyen reshe ya bar shi ya bushe a haka, amma karan zai tsuke yayin bushewa, ɗaurin ya saki, sai an sake matse shi.

Matsaloli da kulawa

Babbar matsala ita ce gumi. Idan laimar iska ta yi yawa, gilisarin yakan jawo ruwa fiye da abin da ganyen zai iya riƙewa, sai ya tsatso waje a matsayin ɗigo mai danƙo, ya fito da rinin tare da shi. Wannan ɗigo yana ɓata bango, labule, katakon tebur da tufafi, kuma ja da shuɗi sun fi yin ɓarna. Damin amarya da aka yi da rinannen ganye yana iya barin tabo a farar riga idan rana ce ta zafi da laima. Inda gumi ya daɗe, fumfuna takan biyo baya. Saboda haka ba a ajiye shi a banɗaki ko kusa da murhu, ba a kuma zuba ruwa a tulunsa.

Hasken rana kai tsaye yana kashe launi, iskar da ta bushe ƙwarai kuma tana iya sa gefen ganye ya yi tauri, ko da yake yakan sake laushi idan danshi ya dawo. Ana kakkaɓe ƙura da lallausan buroshi ko da iska mai sanyi. Wajen ajiya, ba a haɗa adanannen ganye da busassun furanni a kwali ɗaya, domin danshin da ganyen ke riƙe da shi yana komawa ga furannin su yi laushi su yi fumfuna. Akan naɗe shi a takarda, ba a leda ba. Ƙamshin kuwa ba ya kai wa tsawon ran ganyen. Yakan ragu a cikin makonni ko watanni.

Lafiya

Ƙamshin turare yana fitowa ne daga man da ke cikin ƙananan jakunkuna a jikin ganye, kuma a nau'o'i da yawa babban sinadarin man shi ne siniyol, wanda masanin kimiyya ɗan Faransa François Stanislas Cloëz ya kira yukaliftol a 1870. Man yana da guba idan aka sha shi, musamman ga ƙananan yara, kuma ganyen yana cutar da kyanwa da kare da doki idan suka ci. Yana kuma kama wuta da sauri, don haka ba a ajiye adon kusa da kyandir, fitila ko kaskon turaren wuta. Adanannen ganye kayan ado ne kawai: yana ɗauke da rini da wasu sinadaran da ba a yi su don shiga jiki ba, saboda haka bai dace a dafa shi ko a yi sirace da shi ba, kamar yadda ake yi da ɗanyen ganye a lokacin mura.

A ƙasar Hausa

Nau'in da aka fi sani a arewacin Najeriya da kudancin Nijar shi ne Eucalyptus camaldulensis, wanda Friedrich Dehnhardt ya bayyana a 1832 daga wata bishiya da ke lambun Camaldoli kusa da birnin Napoli na Italiya. An shigo da shi ne ba don ado ba. An dasa shi a jerin bishiyoyin tare iska da hana kwararowar hamada, da gefen tituna da harabar makarantu, kuma ana samun itacen girki da sandunan rufi daga gare shi. Ganyensa dogo ne siriri tun yana ƙarami, ba ya ba da kewayayyen ganyen azurfa da ake gani a hotunan bukukuwa, amma yana bushewa da kyau, kuma rassansa masu lilo da curin kwansonsa suna yin aikin da siraran nau'o'in ado ke yi.

Gilisarin ba baƙo ba ne a yankin, domin ana sayensa a kantin magani ana garwayawa da man shafawa a lokacin hunturu. Wanda ya dace da wannan aiki shi ne zalla, ba wanda aka riga aka haɗa da turare ko ruwan wardi ba. Yanayin shekara yana shafar aikin ta fuska biyu. A hunturu iska a bushe take, reshe yana sha da sauri kuma gumi ba ya tasowa, sai dai ƙura takan manne a ganyen, kuma idan wurin ya cika zafi da iska ƙolin reshen yana iya bushewa kafin gilisarin ya isa can. A damina kuwa, musamman a watan Agusta, laima takan kai matakin da ganyen ke gumi, don haka akan janye adon daga jikin bango da labule, a ɗora tulun a kan faranti, a bar iska tana ratsa ɗakin.